Bakana ya rabe a ja na uku: laifin gam ne ko na itace?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni kafinta ne a nan Damagaram, a zauren gidanmu cikin Birni nake aiki. Na ga a waya yadda ake haɗa baka da gora da katako, sai na tsaga gora na manna ta a kan farin katako da gam ɗin da muke haɗa kujeru. Bayan kwana biyu na ɗaura tsirkiya. Ja na farko lafiya lau, na biyu na ji ya yi ƙas, a na uku gorar ta ɓalle har ta fasa mini leɓe. Ina na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Sannu, kuma ka gode wa Allah da abin ya tsaya a leɓe bai kai ido ba. Gam na da laifi, katakon ma haka, amma na fi zargin gaggawarka. Wannan ƙas ɗin da ka ji a ja na biyu, bakan ne yake ce maka ka tsaya.

Idan ka ja baka, gefen da ke kallon abin harbi, wato bayansa, miƙewa yake yi. Gefen da ke kallonka, cikinsa, shi kuma matsewa yake. A tsakiya, daidai inda ka shafa gam, kowane falle neman zamewa yake daga kan ɗan uwansa. Dalilin haɗin ke nan tun asali: gora gwana ce wajen jure miƙewa, itace mai nauyi kuma ya iya jure matsi, sai a ba kowa aikin da ya iya. Turkawa da Mongol ƙaho suke sa wa a ciki, jijiya a baya, itace a tsakiya, su jira watanni kafin ya bushe. Japanawa gora da itace suke haɗawa, bakansu ya fi mita 2. Namu na ƴan baka da maharba sanda ɗaya ce, dargaza ko gora, da kibiyar kyauro marar gashi, don dafin kwankwani ne ke ƙarasa aikin. Shi ya sa ba ka gaji wannan sana'ar daga kowa ba, kuma babu tsohon da ya gargaɗe ka game da gam.

Farin gam na kujera an yi shi ne don abin da zai zauna wuri ɗaya. Idan ana ta lanƙwasa shi sai ya riƙa saki kaɗan-kaɗan, balle a bazarar nan tamu da zafi ke haura digiri 40. Ka nemi gam mai kwalba biyu da ake gaurayawa, irin Araldite, amma mai jinkirin kamawa wanda ke son awa 24. Mai minti 5 ɗin nan na masu gyaran babur gautsi ne da shi. Ka kwaɓa da sassafe, don da rana zai fara daskarewa kana tsakiyar shafawa.

Ko da gam mai kyau, in fuskokin ba su haɗu ba aikin banza ne, kuma ina kyautata zaton nan ma ka yi sakaci. Cikin gora kwarmi ne. Sai ka goge shi ya zama shafal, har kaurin gorar ya dawo kamar milimita 3. Ta ciki kaɗai za ka ci. Fatar waje kada ka taɓa ta, nan ƙarfin yake, gaɓoɓin ma ka bar musu tudunsu, ka ɗan shafe kaifin kawai. Ka ɗora ta a kan katakon ka ɗaga su saitin ƙofar zaure. In ka hango haske ko da kamar zare a tsakaninsu, ba ka gama ba. Daga nan ka karce fuskokin biyu da haƙoran tsohon zarton ƙarfe, ka kakkaɓe ƙurar tas, ka shafa gam a duka biyun. Wajen matsewa ba ka buƙatar wani kayan waje: yanka tsohon tub na babur siri-siri, ka naɗe tun daga tsakiya zuwa kowane baki, ka ajiye a inuwa kwana biyu ko uku.

Farin katakon kuwa ka bar shi ga kujeru. Laushi ne da shi, matsi zai murƙushe shi. Kanya, marke ko aduwa sun fi, in ka dace da miƙaƙƙe marar ido, wanda samunsa a aduwa sai an sha yawo. Ka tambayi masassaƙa su duba maka. In ɗanye ne, ka toshe bakunansa biyu da kakin kyandir ka bar shi watanni a ɗaki, in ba haka ba hunturu zai tsattsaga maka shi. Tsawon bakan farko ya kai santimita 175, faɗinsa 3 da rabi kusa da mariƙi, ya tafi yana tsukewa har ya kai 1 da ɗan kai a baki. Dogon baka ya fi yafe kuskure.

Yanzu ga inda ainihin aikin yake, wanda ka tsallake gaba ɗaya. Abin da ka kwance daga roba ba baka ba ne tukuna, sanda ce mai gora a baya. Sai an koya mata lanƙwasa. Ka riƙe wannan lissafin: in ka ninka faɗin itace, ƙarfinsa sau 2 yake ƙaruwa, amma in ka ninka kaurinsa, sau 8 ne. Ke nan milimita ɗaya a nan ba wasa ba ce. Gizago da magagari aikinsu ya ƙare da zarar sandar ta fara ɗan lanƙwasa in ka dogara ta a ƙasa. Daga nan sai kankara da bakin wuƙa ko fasasshen gilashi, ta ciki kaɗai.

Ka kafa ɗan katako a bango daidai ƙirjinka, ka ɗora mariƙin a kai, bayan bakan na kallon sama. Ka sa doguwar igiya mai sako-sako daga wannan bakin sandar zuwa wancan, ka rataya mata sikelin nan mai ƙugiya na masu awon kaya, ka ja ƙasa santimita 10 kacal. Ka sa yaron shagonka ya riƙe, kai ka ja baya ka duba. Inda ya miƙe ya ƙi lanƙwasa, ka shafa masa gawayi. Inda ya karye kamar gwiwa, ka zana masa alama, kada wuƙa ta ƙara zuwa wurin har sauran su kamo shi. Ka kankare gawayin, kamar sau 20, sannan ka ja ka saki a hankali sau 30 kafin ka sake dubawa, don itace ba ya nuna abin da aka cire masa nan take. Haka za ka yi ta yi, kana ƙara santimita 2 ko 3, har hannu biyun bakan, wato sama da ƙasan mariƙi, su yi daidai kamar jinjirin wata. Abin da kake nema kilo 15 ne a jan santimita 70, kuma ko sau ɗaya kada sikeli ya wuce 15 ɗin a hanya. Ni nawa na farko a santimita 55 na kashe shi. Na ga gwiwar ƙuru-ƙuru a hannun sama, na ce bari in ja sau ɗaya in gani, don abokai na zaune suna jira. Kwana 9 na aiki suka tafi a wannan jan.

Sauran mai sauƙi ne. Tsirkiyar fata tana saki da damina, don haka ka murɗa zaren masu ɗinkin takalma mai ƙarfi, ka goge shi da kakin zuma. Tazarar tsirkiya da mariƙi ta zama dunƙulen hannunka da babban yatsa a miƙe, wajen santimita 15. Ka shafe itacen da man kaɗanya saboda hunturu, mariƙin kuma ka kai wa dukawa su naɗe maka da jar fata, wannan kam ba a koya wa Damagaram shi.

Kada ka taɓa sakin tsirkiya babu kibiya, ƙarfin duka cikin bakan zai koma. In ka gama harbi ka kwance ta, kuma kada ka bar bakan a rana ko ƙarƙashin kwano, wannan gam ɗin ma zafi mai yawa na sassauta shi. Gwajin farko ka cika buhu da ƙaiƙayi ka jingina shi da katanga, ka kori yara daga tsakar gida, ka fara da rabin ja.