Zauren Tambayoyi: Wane ne Alexander Astin, kuma me ya gano game da ɗaliban da ke barin jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramar malama ce a wata jami'a, bana aka ɗora mini kula da 'yan aji ɗaya na sashenmu. Abin da ke damuna shi ne, cikin yaran da muka yi wa rajista a zangon farko, kafin a shiga aji biyu sai a nemi wasu a rasa. Ba korar su aka yi ba, ba su kuma rubuto takardar ajiye karatu ba, sai dai a ji su ɗif. A wani taron ƙara wa juna sani na ji ana ta ambaton wani Ba'amurke mai suna Alexander Astin, wai shi ya fi kowa bin diddigin wannan matsala. Don Allah wane ne shi? Akwai abin da zan ƙaru da shi a aikinsa?
Daga wata malama, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya taya ki riƙo. Na ji daɗi da kika lura da waɗanda suka ɓace, domin a yawancin sassa ba a tuna su sai ranar da ake haɗa sakamako aka ga gurbin sunansu babu komai.

An haifi Astin a birnin Washinton a 1932, ya rasu a watan Mayun 2022 yana da shekara 89. Digirinsa na farko a fannin kiɗa ya yi shi, a Kwalejin Gettysburg, daga baya ya koma nazarin halayyar ɗan Adam, ya zama dakta a Jami'ar Maryland a 1958. Abin da ya juya akalar rayuwarsa ya faru ne a farkon shekarun 1960, lokacin yana shugabantar bincike a wata hukumar ba da tallafin karatu ga haziƙan ɗalibai. A zamanin ana yaba wa wasu kwalejoji cewa su ne ke yaye waɗanda ke zama daktoci da masana, kowa na cewa ai albarkar manyan ɗakunan karatu ce da ƙwararrun malamai. Astin ya ce a dakata, a fara duba irin yaran da kwalejojin suke ɗauka. Da ya yi lissafin, sai ya tarar yawancin wannan fifiko da ƙafarsa ya shigo ta ƙofar makaranta: yaran tun daga sakandare haziƙai ne masu burin zurfafa karatu. Daga nan ya kafa ƙa'idar da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, cewa ba za a san amfanin makaranta ba sai an auna abu uku tare: yadda ɗalibi ya zo, abin da ya tarar ya kuma yi a cikinta, da yadda ya fita. Asibitin da ba ya karɓar kowa sai mai ɗan zazzaɓi dole ya riƙa sallamar mutane garau, amma wannan bai nuna likitocinsa sun fi na asibitin da ke karɓar masu jinya mai tsanani ba.

Don ya samu abin aunawa, a 1966 ya ƙirƙiro wata takardar tambayoyi da sababbin ɗalibai ke cikawa a makonsu na farko a kwalejojin Amurka: sana'ar iyaye, makin sakandare, inda kuɗin karatu zai fito, burinsu, yadda suke kashe lokacinsu. Bayan shekaru sai a sake bin waɗannan yaran a ga inda suka kwana. A 1973 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya tafi da aikin, ya kafa cibiyar binciken ilimi mai zurfi a can. Ɗaliban da suka cika takardar nan sun haura miliyan 15. Matarsa, Helen, 'yar asalin Girka, ita ma farfesa ce a jami'ar, sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa har ta rasu a 2015.

Abin da ya fi shafar ki shi ne littafin da ya fitar a 1975 kan hana ɗalibai barin karatu. Ya bi waɗanda suka shiga kwaleji a 1968, ya sake neman su a 1972. Ya tarar wanda ke kwana a cikin makaranta ya fi wanda ke zuwa daga gida yiwuwar kammalawa. Wanda ke ɗan aikin 'yan sa'o'i a cikin harabar makaranta, kamar jera littattafai a laburare, shi ma ya fi tsayawa, alhali mai cikakken aiki a cikin gari ya fi saurin sulalewa. Shiga ƙungiyoyi da wasanni na taimakawa. Da aka tambayi waɗanda suka tafi, dalilin da maza suka fi bayarwa shi ne darussan sun gundure su, mata kuma aure da juna biyu da hidimar gida. A 1984 ya ɗaure duk wannan da igiya ɗaya: gwargwadon lokaci da ƙarfin jiki da na zuciya da ɗalibi ya zuba a rayuwar makaranta, gwargwadon abin da zai koya da kuma yiwuwar ya kai ƙarshe. Har ya ce dukiyar jami'a mafi tsada ita ce lokacin ɗalibi, kuma jami'a kokawa take yi a kan wannan lokaci da gida da kasuwa da abokan unguwa. A babban bincikensa na 1993 ya ƙara da cewa babu abin da ya kai abokan karatu tasiri a kan ɗalibi, sai kuma mu'amala da malamai a bayansu. Za ki kuma ci karo da sunan Vincent Tinto na Jami'ar Syracuse, wanda shi ma a 1975 ya bayyana cewa ɗalibi kan tafi ne idan bai samu wurin zama ba a harkar karatu da kuma cikin jama'ar makarantar. Hanyoyinsu daban, amma kusan wuri ɗaya suka ɓulla.

Ni abin da ya sa nake girmama mutumin nan shi ne bai bar alƙaluma su zama abin ado ba. Ya yi shekaru yana faɗa wa manyan jami'o'in ƙasarsa cewa tinƙahon da suke yi da tsananin tace ɗalibai ba shi ne nagarta ba, nagarta ita ce abin da ka ƙara wa yaron da aka ba ka. A littafinsa na 2016, yana da shekara tamanin da 'yan kai, ya zargi malaman jami'a da cewa sun fi son gano mai ƙwaƙwalwa a kan gina ta. Duk wanda ya taɓa jin malami ya shiga aji ranar farko yana alfahari cewa rabin ajin za su faɗi, ya san wannan zargi bai tsaya a Amurka ba.

Sai dai ki riƙe cewa 'yan Amurka ya auna. Bai auna yajin aikin wata takwas irin wanda malaman jami'o'in Najeriya suka yi a 2022 ba, wanda ya mayar da yara da dama kasuwa da gona ba su dawo ba, bai kuma auna yaron da aka rufe shafin rajista bai haɗa kuɗi ba. Waɗannan sun fi ƙarfin ofishinki. Abin da ke hannunki shi ne makonni shida na farko. Ki karɓi takardar halartar lacca daga malamai biyu ko uku, duk wanda ya ɓace mako biyu a jere ki kira shi a waya da kanki, kada ki aika wakilin aji. Ki raba su rukuni-rukuni na mutum biyar ko shida, ki haɗa kowane rukuni da ɗan aji uku mai hankali. Ki sa rana ɗaya a mako da ƙofarki za ta kasance a buɗe, ki kuma zauna a ciki. Sannan tun ranar rajista ki tambayi kowa daga ina yake zuwa kullum, wa ke biya masa, yana da aure ko sana'a. Amsoshin nan za su nuna miki waɗanda za ki fi sa wa ido tun kafin gwajin farko.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya samu gurbi a jami'ar da ke garinmu. Yana so ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, ni kuma na ce mota biyu ce kawai daga gida, ya riƙa zuwa yana dawowa, hankalina zai fi kwanciya. Mahaifiyarsa ta goyi bayansa. Me ka gani?
Daga wani mahaifi, Sakkwato

AMSA: Alhaji, tsoronka na uba ne, kuma yana da tushe, musamman idan ɗakunan sun cika maƙil ko babu ruwa da tsaro. Ka je da kanka ka duba kafin ka yanke hukunci. Amma binciken da na ambata a sama yana tare da Hajiya: zama a cikin makaranta, musamman a shekarar farko, yana cikin abubuwan da suka fi riƙe ɗalibi. Mota biyu safe da yamma sa'o'i ne da ake cirewa daga karatu, kuma yaron da ke sauri ya kama motar ƙarshe ba ya tsayawa bitar da abokansa ke yi bayan magariba, ba ya samun malami a ofis.

Idan ka duba wurin bai kwanta maka ba, ko aljihu bai ba da dama ba, to ya zauna a gida amma a canza tsarin gidan. A ɗauke masa zaman shago da aike-aiken ranakun karatu. A bar shi ya wuni a makaranta ko da laccarsa ta ƙare da azahar, a ƙara masa kuɗin abincin rana don kada yunwa ta koro shi. Lokacin jarrabawa kuma ka amince ya kwana wajen abokin karatun da ka san iyayensa. Ka nemi sanin malamin da ke kula da ajinsu, ka karɓi lambarsa, ka kira shi a tsakiyar zango, kada ka jira sai an kafe sakamako.