Ina Ya Kamata A Ɗaura Kyamara A Jikin Bindiga?

Malam, ka tambaya ko za ka iya maƙala GoPro, wato ƙaramar kyamarar ɗaukar bidiyo, a bututun bindigarka don ɗaukar bidiyon harbi. Ni dai ban so. Nauyinta yana canza yadda bututun ke girgiza, sai ka ga harsashi ya kauce daga inda ka saita. Ga zafi kuma, idan bututun ya ɗau zafi da yawan harbi, robar maƙalin kyamarar tana iya fara laushi.

Gara ka ɗaure ta a layin Picatinny na gefe, wato dogon layi mai tsaga-tsaga da ake maƙala kaya a jikin bindiga, da maƙali na ƙarfe. Na roba yana iya karyewa idan bindiga ta yi tsalle. Ka ƙara matse sukurori bayan 'yan harbi, su kan saki. Sannan ka sake gwada saitinka.

Kafin ka taɓa komai, cire harsashi, ka leƙa ciki da idonka.