Zan iya ba yarana Phenergan su yi barci a mota? Amsar likitan yara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. A Agege nake zaune, yarana uku: babbar shekararta 7, mai bi mata 4, sai na goye ɗan wata 14. Maigidana ya shirya mana yawon buɗe ido a hutun Disamba da motarsa. Za mu fara da Dutsen Olumo a Abeokuta, mu kwana wajen 'yan'uwa a unguwar Sabo ta Badun, mu wuce wajen ruwan da ke kwararowa daga dutse a Erin-Ijesha da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Ikogosi, har tanti ya sayo wai mu kwana ɗaya a ciki. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Na tsakiyar da mota ta yi nisa sai amai, ƙaramin kuma kuka yake har muryarsa ta dishe. Maƙwabciyata ta ce in za su Kano cokali ɗaya na Phenergan take ba nata, har a wuce Jebba ba mai motsi. Mai kemis ɗin layinmu ya ce haka ne, ko in ba su Piriton. Don Allah cokali nawa zan ba kowannensu? Kuma kwanan tanti ba zai cutar da su ba?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, tambaya biyu kika yi, amma ta farkon ce ta tayar mini da hankali, kuma a kanta zan daɗe. Cokali nawa? Ko ɗigo. Ɗan wata 14 ba a ba shi Phenergan ko da wane dalili ne a gida, sauran biyun kuma ba a ba su wani magani don kawai su yi barci a mota.

Phenergan maganin ƙaiƙayi ne da amai mai sa barci, sinadarin da ke cikinsa kuma yana danne sashen ƙwaƙwalwar da ke tura numfashi. A jikin babba wannan dannewar ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa kike sha ki yi barci ki tashi garau. A jikin yaron da bai kai shekara 2 ba, numfashin na iya raguwa har ya tsaya, kuma an samu yaran da suka rasu a kan awo iri-iri, ba sai wanda aka zabga wa da yawa ba. Shi ya sa tun tsakiyar shekarun 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a jikin kwalinsa cewa kada a ba ɗan ƙasa da shekara 2. Ingila kuma a 2009 ta hana ba 'yan ƙasa da shekara 6 magungunan tari da mura na kanti masu irin wannan sinadari mai sa barci. Piriton maganin ƙaiƙayi ne da borin jini, yana da ranarsa, yana da awonsa. Barcin da yake sawa illa ce ta gefe, ba aikinsa ba ne, kuma ba a sayen magani don illarsa.

Yanzu ki ɗora wannan a kan hanyar da za ku bi. Kin san yadda Berger da doguwar gadar Kara, a mafitar Legas ta titin Badun, suke a Disamba: mota na iya yin awa biyu ba ta ci kilomita 5 ba, rana na dukan rufin. Waɗannan magunguna suna rage zufa, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi nesa ba kusa ba. Yaron da aka bugar ba zai yi kukan ƙishirwa ba, ba zai nemi nono ba, ba zai ture mayafin da ya rufe masa hanci ba. Kansa zai langaɓe gaba, haɓa ta dafe ƙirji, hanyar iska ta matse, shi kuma ba shi da ƙarfin da zai gyara wuyansa kamar yadda mai barcin gaske yake yi. Ke kina gaba kina godiya ga Allah yau an samu shiru. Kukan yaro a mota shi ne fitilar da ke kunnawa a gaban direba idan inji ya yi zafi. Wanda ya cire ƙwan fitilar bai sanyaya inji ba, hana kansa sani kawai ya yi.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai a wajen aiki. Idan aka kawo mini yaro yana magagi, abu na farko da nake dubawa shi ne ko yana farkawa, yana gane uwarsa. Da wannan muke bambance zazzaɓin cizon sauro na gama-gari da wanda ya taɓa ƙwaƙwalwa, da shi muke zargin sanƙarau, da shi muke gane ko faɗuwar da yaro ya yi ta taɓa cikin kai. Duwatsun Erin-Ijesha santsi ne da su. A ce mai shekara 4 ya zame ya bugi kansa, alhali da safe an ɗura masa maganin barci: ke ba za ki san ko maganin ne ko jini ne ke taruwa ba, ni ma da na gan shi sai na ɓata lokaci kafin in rarrabe. Sau da yawa kuma uwa ba ta faɗa mana ta ba shi wani abu ba, don a ganinta ba magani ba ne, ɗan abin barci ne.

Wasu yaran ma ba barcin suke yi ba. Maganin kan juye musu, su rikice, su yi ta fizge-fizge da ihu, zuciya na bugawa da sauri. Me uwa take yi? Ta ce bai kama shi ba, ta ƙara cokali. Wani kuma wuyansa ne zai murɗe, idanu su kafe sama, harshe ya fito. Ku ɗauka wannan ya faru a bakin ruwa, cikin daji, da yamma. Na san abin da mutanenmu za su ce: ya gamu da iska. Sai a kama tofi da hayaƙi, a ɗura masa manja, a cusa masa cokali a baki, a nemi mai ruƙiyya a waya, alhali allura ɗaya a asibiti ke warware murɗewar. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a yi ta a cikin mota ana tafiya. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora wa aljani laifin kwalbar da ke cikin jakar uwa.

Sai maganar cokalin kanta. Cokalin gidanki da na maƙwabciyarki ba ɗaya ba ne, wani bai cika mililita 5 ba, wani ya ninka haka. Maganin yara da nauyin jiki ake auna shi, da sirinji ko murfin awo. Mai kemis ɗin da ya ce miki haka ne, ya tambaye ki kilo nawa yaron yake? Ya tambaya ko yana da asma, ko yana minshari da dare, ko yana shan wani maganin mura mai irin sinadarin a ciki? Bai tambaya ba, don ciniki ne a gabansa. Wallahi abin takaici ne a ce a Legas, garin da asibitocin koyarwa ke Idi-Araba da Ikeja, maganar yaron shago da mai tallar magani a cikin motar haya ta danfo ta fi ta likita tasiri a gidajenmu. Maƙwabciyarki kuma ba mugunta take nufi ba, na sani. Amma "na ba nawa ba abin da ya same su" ba hujja ba ce. Waɗanda abin ya samu ba sa zuwa gidan suna su ba da labari, wajenmu ake kawo su.

Kada kuma wani ya ce miki to ga na tari, ya fi sauƙi. Idan mai kodin ne, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi tun watan Mayun 2018, kuma ko a ƙasashen da ake sayar da shi ba a ba ɗan ƙasa da shekara 12. Duk wanda ya zaro miki shi daga ƙarƙashin kanta, kayan da ba a san asalinsu ba ya ba ki. Mu a garin nan ba ma bukatar a tuna mana abin da gurɓataccen maganin ruwa yake yi: daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran yara na My Pikin, wanda a Legas aka haɗa shi, ya kashe yara 84 ta hanyar lalata musu ƙoda. Haka jiƙe-jiƙen agbo, maganin gargajiyar Yarbawa da ake sayarwa a tasha, wasu da barasa ake jiƙa su. Yaran nan amana ce. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, barcin da ake nema musu a hanya hutun manya ake saya da shi, kuma ba a sayen hutu da numfashin yaro.

To me za ki yi da mai aman? Jirin mota ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12, kuma yawanci yana raguwa da girma. Ki zaunar da shi a baya inda zai riƙa hango hanya ta gilashin gaba. Ba waya, ba littafi. Ya ci abu kaɗan marar maiƙo kafin a tashi, kamar koko ko burodi, kada a cika masa ciki da ƙosai da madara, kada kuma a fita da shi da yunwa. A bar iska tana shiga. Ki ajiye humra da turare mai ƙarfi sai an sauka, kuma Alhaji kada ya sa jarkar fetur a cikin mota. Idan duk da haka aman yana galabaitar da shi, ki kai shi asibiti kafin ranar tafiya a auna shi. Akwai abin da likita zai iya rubuta wa yaro mai shekarunsa a kan awo, a gwada a gida tukuna a ga yadda jikinsa ya karɓa. Ƙaramin kuwa da wuya kukansa ya zama na jiri. Zafi ne, ko yunwa, ko jiƙaƙƙen famfas, ko gajiyar zama. Ku tashi bayan asuba lokacin da barcinsa na gaskiya bai sake shi ba, ku tsaya duk bayan awa biyu a fito da shi ya miƙe ƙafa, a ba shi nono mota na tsaye.

Na ce mota na tsaye ne saboda cinya ba wurin zaman yaro ba ce a kan titin Legas zuwa Badun. Birki ɗaya mai ƙarfi, babu hannun uwar da zai iya riƙe shi. Kuɗin tantin nan da an fara sayen kujerar yara ta mota da shi, a ɗaure ta a baya tana kallon baya. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sha nanata cewa ɗan ƙasa da shekara 12 ba ya zama a gaba. Idan kun tsaya salla a gidan mai, a yi ta bi da bi. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko da na raka'a biyu ne.

Kwanan tanti ba laifi, in dai a cikin harabar masauki ne mai katanga da masu gadi, ba a gefen daji ba, kuma ku isa da sauran rana. Abu ɗaya nake roƙonki: daren Disamba a tsaunukan Ekiti da sanyi, kuma al'adarmu ce a shigo da kaskon garwashi. Kada wuta ko wace iri ta shiga tanti, ko garwashi, ko risho, ko igiyar leko. Janareta kuma ya yi nesa da inda kuke kwance. Iskar da ke kisa a hayaƙin nan ba ta da wari ba ta da launi, kuma yaro take fara kayarwa. Rigar sanyi, safa da bargo sun isa. Ku tafi da gidan sauro mai magani, ku zuge zif ɗin tanti tun magariba, ku kakkaɓe takalma da safe saboda kunama. A wajen ruwan Erin-Ijesha ku tsaya a matakin farko, hawa bakwai ɗin nan ba na masu goyo ba ne, kuma kowane yaro a san babban da ke riƙe da hannunsa.

A jakarki ki sa farasitamol na yara da sirinjin awonsa, ma'aunin zafin jiki, fakitin gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinki saboda gudawa, filasta, da ruwan sha wadatacce daga gida. Zazzaɓi ya taso a hanya, a yi gwajin jini kafin a ba da maganin maleriya. Yaron da ya ƙi farkawa, ko numfashinsa ya canza, ko leɓɓansa suka yi duhu, ko ya yi jijjiga, ko ya kasa riƙe ko da ruwa a ciki, asibiti mafi kusa za a nufa nan take, ba sai an dawo Legas ba. Ki sa 122 ta FRSC da 112 ta gaggawa a wayarki da ta Alhaji. Idan kuma kin riga kin sayi kwalbar, ki fitar da ita daga kayan tafiyar yau, kada wata 'yar'uwa a Sabo ta gan ta ta ce bari ta taimaka miki.