Tsage na bugun kifin roba amma ba ya kamuwa: sai na shafa magani?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan Gamkalle ne a nan Yamai. Na tara kuɗi na sayi sandar fatsa mai mulune, wato na'urar naɗe zare, da kifayen roba irin masu yawo a saman ruwa, kusan jika arba'in suka tashi. Tun watan Agusta nake zuwa bakin kogi. Zare ya yi ta cukurkuɗe mini, kifi ya taso ya bugi robar ya tafi, ban taɓa fid da ko ɗaya ba. Wani mutum a bakin ruwa ya ce roba ba ta da ƙamshi, sai an shafa mata magani, in kuma an ɗiga kaɗan a ruwa kifi zai taso da kansa. Jika biyu yake sayar da ƙaramar kwalba. In saya, ko dai tun farko asarar kuɗina na yi?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, kuɗinka ba su salwanta ba. Ka dai fara a lokaci mafi wuya. Agusta da Satumba jan ruwa ne, kogi cike da laka daga ƙoramun Sirba da Dargol da Goruwal, tsage kuwa da ido yake farauta. Ka jira ruwan da ke gangarowa daga Gini ta cikin Mali ya iso, wajen Disamba da Janairu, ruwa ya washe. Daga nan har ya fara ja da baya, lokacinka ne. Ka fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, ka nemi inda igiyar ruwa ke karyewa a bayan dutse ko gefen burgu, inda za ka ga kawara na tsalle suna watsewa. Kada ka sa ran giwan ruwa a sama. Shi mazaunin zurfi ne, da wuya ya taso.

Cukurkuɗewar zare daga hannunka take. Kada ka cika mulune har baki, bar masa kamar milimita 2 ko 3. Duba nauyin da aka rubuta a jikin sandar, robarka ta kasance cikinsa. Bar ta ta yi lilo kamar rabin mita daga kan sanda, ka jefa da wuyan hannu, sandar ce za ta lanƙwasa ta harba, ba ƙarfin kafaɗa ba. Kafin ta sauka ka taɓa zaren da yatsa don ya miƙe, ka rufe ƙarfen mulune da hannu, ka ja zaren ya yi tauri sannan ka fara naɗewa. Sakwarkwacen zare shi ke ɗaure kansa. Cire ƙugiyoyi ka je filin ƙwallo, ka ajiye bokiti, ka yi ta jefawa har hannu ya saba.

In robar ta faɗa ruwa, kada ka yi gaggawa. Bari zoben ruwan da ta tayar ya lafa. Roba mai kwarmin baki, fizga ɗaya gajera kake yi da kan sanda a ƙasa, ta yi "ɓul", ka tsaya, ka sake. Doguwar nan marar baki kuma, ƙananan bugu ake yi a jere da ɗan sassauci a zare, ta riƙa karkata dama da hagu. Sau da yawa a wurin tsayawar nan kifi ke kawo hari. Kuma ga inda kake rasa shi: kana ganin ruwa ya fashe sai ka fizge. Ka ƙwace masa abinci daga baki ke nan. Jira sai ka ji nauyinsa a sanda, sannan ka ɗaure shi da ƙarfi ta gefe, kada zare ya saki ko da kifin ya yi tsalle. Bakin tsage ƙashi ne, sai ƙugiya mai kaifi. Ka wasa ta har ta riƙa kama farce. Da yawa suna cire mai baki uku su sa mai baki ɗaya. Ka sa waya kamar santimita 20 zuwa 30 tsakanin zare da roba, in ba haka ba haƙoransa su yanke maka.

Yanzu maganar kwalba, wadda ita ce ta tayar mini da hankali. Kada ka saya, kada ka karɓa ko kyauta ce. Wannan magana na gaji da jin ta daga Gudel har Saga. Kifin da ke bugun roba a saman ruwa ba shinshina yake yi ba. Motsi yake gani, girgizar ruwa yake ji ta layin nan da ke gefen jikinsa, ya kawo hari kafin ƙiftawar ido. Yaushe ya tsaya jin ƙamshi? Kai da bakinka ka ce yana bugun robarka. Ashe ta riga ta yi aikinta ba tare da an shafa mata komi ba.

Abin da ya tona asirin mutumin nan shi ne cewar in an ɗiga a ruwa kifi zai taso da kansa. Kifi ba ya tasowa ciki a sama don ya ji daɗi, mutuwa yake yi. Abin da ke sa haka guba ce, galibi maganin ƙwarin gona da aka juye a kwalbar da ba ta da suna. Tsofaffin masunta sun san Gamalin, wanda aka daɗe ana kashe kifi da shi a ruwayen Afirka ta Yamma. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, an sa shi cikin jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta hana a 2009, a 2015 kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta tabbatar yana jawo sankara ga ɗan Adam. Yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, mai yawa yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya. A kitse yake taruwa, don haka suya ba ta fid da shi, banda ba ta fid da shi. Kifin ya tafi kasuwa, uwa ta saya ta dafa wa ƴaƴanta, dare ya yi a kwashi yaro zuwa asibiti ana cewa iska ce.

Kai ma da ka ce shafawa kawai za ka yi, da wane hannu? Da hannun da za ka ɗaure ƙugiya, ka ciji zare da haƙori, ka ɓare goro. Irin wannan guba tana shiga ta fata. Kuma ba ta zaɓe: tarwaɗa, karfasa, ƴaƴan kifin da ba su kai yatsa ba, duka take kwashewa. Gurbin da aka zuba wa ita sai ya daɗe ba a ga kawara ba, in babu kawara kuwa tsage bai da abin da zai kawo shi. Mai kwalba ya karɓi jika biyunsa ya ƙara gaba, Sarkawan da suka gaji ruwan nan kaka da kakanni su dawo da taru wayam. Kogin nan shi Yamai ke sha, daga Gudel da Yantala ake jan ruwan fanfo. A cikinsa mata ke wanki, yara ke wanka, shanu ke sha, da shi ake ban ruwan shinkafar Saga da Kirkisoye. Ka ji tsoron Allah, ƙanena. Wanda ya zuba guba a ruwan jama'a, hakkin mutanen da bai taɓa gani ba ya ɗauka, bai ma san wa zai nema wa gafara ba.

Tun 1998 doka ta hana kamun kifi da guba da nakiya. Abin da ke ƙona mini rai, kowa a bakin ruwa ya san masu wannan sana'a, amma sai a yi shiru don kada a ce ka tona wa wani asiri. In ka sake ganin mutumin nan, ka je ka faɗa wa sarkin ruwan wurin, ka kuma sanar da ma'aikatan ruwa da dazuka, ka kwatanta musu inda yake zama da lokacin da yake zuwa. Jika biyun nan kuma ka sayi waya da ƙugiyoyi masu kyau da su.