Hutun tirela a Tasmaniya da katakon tsaraba: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Melbon ta ƙasar Ostireliya, ni da maiɗakina da yara uku. Wani abokin aiki zai ara mini tirelar kwana, irin ɗakin nan mai taya da mota ke ja, wanda a nan ake kira karaban, don mu yi hutun mako biyu a tsibirin Tasmaniya a watan Janairu. In haye da ita a jirgin ruwa ne, ko mu bi jirgin sama mu yi hayar motar kwana a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai ka ɗauko tef ka auna motarka da tirelar a haɗe, daga hancin mota har zuwa tayar safaya da ke bayan tirela, sannan ka auna tsayinta har da na'urar sanyaya ɗaki da ke bisa rufi. Jirgin ruwan fiton, Spirit of Tasmania, da tsawo yake cajin kuɗi, kuma gurbin abin da ya haura mita 2.1 a tsaye kaɗan ne. Janairu tsakiyar bazara ce a can, ga hutun makaranta, don haka guraben tirela kan ƙare da watanni. Ka yanki tikitin zuwa da na dawowa a lokaci guda. Wanda ya yanki na zuwa kawai yana iya maƙalewa a tsibirin yana jiran gurbi alhali ranar komawa aiki ta wuce.

Tun Oktoban 2022 jirgin ya daina tashi daga Melbon, daga garin Geelong da ke kusa da Melbon yake tashi ya sauka Devonport a arewacin Tasmaniya, tafiyar awa 9 zuwa 11. Da an tashi ba a barin kowa ya sauka wurin motoci, saboda haka magani da kayan yara da sallaya su hau sama tare da ku. Za a sa ka rufe tukunyar gas, ke nan firjin tirela ba zai yi aiki da gas ba tsawon tafiyar. Ku daskarar da gorunan ruwa ku jera a ciki. Kada Hajiya ta wahalar da kanta da cefanen tumatir da ɗanyen kayan miya da 'ya'yan itace, masu binciken kayan gona za su karɓe su. A Devonport za ku yi cefane.

A ganinmu, mako biyu shi ne kan iyaka. Ƙasa da haka, kuɗin fiton tirela ba ya biyan kansa, gara a bi jirgin sama a yi hayar motar kwana a Hobart ko Launceston, manyan biranen tsibirin, musamman ga wanda bai taɓa jan tirela ba. In kuwa ka tsaya a kan ta aron, ka tabbatar inshorarta ta amince wani ya ja ta, a rubuce. Zanen aro ba ya rufe katara.

Tambaya: Motata takardarta ta ce tana iya jan kilo 2,000. Tirelar da nake son saye nauyinta 1,700. Na tsira ke nan?

Amsa: Tukuna, ɗan'uwa. Wane 1,700 ɗin? A jikin ƙarfen ja akwai ɗan faranti da aka buga lambobi. Wanda aka rubuta Tare shi ne nauyinta ba kaya, wanda aka rubuta ATM shi ne iyakar nauyin da doka ta yarda ta kai da kaya. ATM za ka gwada da ƙarfin motarka. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu, a ƙananan tireloli masu aksil ɗaya, sau da yawa kilo 300 ne ko kusa da haka, kuma nan da nan yake cika: tankin ruwa mai lita 80 kilo 80 ne, tukwanen gas biyu cikakku sun kusa kilo 40, ga batir, ga rumfa, ga kujeru, ba a zo kan tukwane da buhun shinkafa ba.

Akwai lamba ta biyu da mutane ke mantawa, wato nauyin da tirela ke dannawa a kan ƙugiyar mota. Ana so ya zama wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyin tirelar, kuma wannan nauyin a cikin lodin motar ake lissafa shi, tare da kai da iyali da kayan but. Mota na iya zama tana da ƙarfin ja amma ita kanta ta wuce lodinta. Ka loda komai kamar ranar tafiya, ka je sikelin manyan motoci ka auna. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Tirelar da ta haura kilo 750 dole tana da birkinta, kuma yawanci na lantarki ne, wanda ke buƙatar a ɗaura wa motarka na'urar sarrafa shi. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, daidai kan aksil. Idan aka tara su a baya, gaban tirela ya yi sakayau, sai ta fara wutsiya da zarar babbar mota ta wuce ka ko iska ta buge ta. In hakan ta faru kada ka danna birkin mota da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari: ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka matsa maɓallin birkin tirela da hannu, ita za ta miƙe kanta. Ka kuma sayi madubin gefe na ƙari da wayar wuta mai amfiya 15, domin ta gida mai 10 ba ita ake amfani da ita a sansanin tireloli ba.

Tambaya: Ta ina za mu fara zagayen?

Amsa: Ta yamma, tun kuna da ƙarfi. Daga Devonport ku wuce Cradle Mountain ku yi kwana biyu, Strahan uku, Derwent Bridge ɗaya, Hobart uku, ragowar a gabar gabas, wajen Coles Bay da St Helens, kafin a koma jirgi. Ku daidaita Asabar ta same ku a Hobart, ranar da kasuwar Salamanca ke ci, Juma'a kuma akwai masallaci a garin.

Taswira na yaudara a tsibirin nan. Strahan zuwa Hobart kusan kilomita 300 ne, amma mota zalla ma sai ta ci fiye da awa huɗu, da tirela kuwa yini ne. Hawan da ke fita daga Queenstown, garin da ke kan wannan hanya, lanƙwasa ce a kan lanƙwasa, har ana masa laƙabi da lanƙwasa 99. A gangara ka sa ƙaramin giya, in ka dogara da birki zai yi zafi ya saki. Elephant Pass da ke gabas ba hanyar tirela ba ce. Ku cika tanki a Queenstown, ku sayi takardar shiga gandun dajin gwamnati, kuma ku isa masauki kafin magariba, domin da almuru dabbobin daji ke fitowa kan titi. Yamma ƙasar ruwa ce, Queenstown na samun sama da milimita 2,000 a shekara, don haka rigar sanyi ta bi ku ko da bazara.

Tambaya: Ina so in kawo wa 'yan gida tsarabar da ba a samu a ko'ina. An ce mini katakon Huon. Mene ne shi, kuma ta yaya zan gane na gaske kada a sayar mini da jabu?

Amsa: Hajiya, kin ji daidai. Itacen Huon a Tasmaniya kaɗai yake fitowa, a bakin kogunan yamma da kudu maso yamma. Girmansa na da matuƙar nawa, kaurinsa kan ƙaru da abin da bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba a shekara, kuma an samu bishiyoyin da suka haura shekara 2,000. Akwai wani mai a jikinsa da ke hana shi ruɓewa, yake kuma korar ƙwari, shi ya sa ya zama katakon jirgin ruwa. Tsakanin 1822 da 1833 fursunonin tsibirin Sarah, kusa da Strahan, sun ƙera jirage fiye da 100, akasari da shi. A yau mafi yawan bishiyoyin suna cikin gandun da aka kare. Abin da ke kasuwa galibi tsinto shi ake yi: kututturan da masu sara na zamanin da suka bari, gungumen da ambaliya ta kwaso, da waɗanda aka tsamo daga tafkunan madatsun ruwa kamar na Gordon. Tsadarsa daga nan take.

Hanci ne alƙalin farko. Ki juya abin, ki nemi inda ba a shafa fenti ba, ƙasan akushi ko cikin akwati, ki ɗan goga da yatsa ki sunsuna. Ƙamshinsa mai daɗi ne, da ɗan yaji-yaji kamar na kanumfari, ba irin warin ƙaron katakon kafinta ba. Sannan ki dubi bakin katakon, inda aka yanke shi a gicciye. Layukan shekarunsa siriri ne a matse kamar zaren saƙa, a faɗin farcenki za ki ƙirga goma ko fiye. Idan layukan a warwatse suke, kowanne ya kai rabin santimita, wannan itacen gona ne mai saurin girma da aka shafa wa kala. Launinsa ruwan ƙwai ne mai haske, yana komawa ruwan zuma da shekaru, kuma ba shi da nauyi a hannu. A tire da akwati ki bi zanen saman da ido ki ga ko ya gangara har gefe. In ya tsaya cak a baki, siririn falle ne aka manna a kan allon dusar katako. Ba laifi ba ne, amma kada ki biya kuɗin gundarin katako.

Ki tambayi mai shago wa ya sassaƙa, daga ina katakon ya fito. Masu sana'ar gaske suna buga suna da nau'in itacen a ƙasan abin, wasu kuma na ɗauke da shaidar Fine Timber Tasmania mai nuna an samo shi ta halastacciyar hanya. A Strahan akwai injin tsaga katako a bakin ruwa inda ake sayar da guntaye, a nan za ki horar da hancinki kafin ki je Salamanca. A Derwent Bridge kuma akwai doguwar katangar da Greg Duncan ya sassaƙa, mafi yawanta da Huon, tsawonta wajen mita 100.

Kada sunan Huon ya rufe miki ido. Laushi gare shi, wuƙa na cin sa, ƙamshinsa kuma na iya kama abinci, saboda haka ya fi dacewa da akwatin sarƙa da 'yan kunne, agogon bango da alƙalami. Don katakon yanka, blackwood ya fi shi, ɗan dangin bagaruwa da gawo ne, ruwan ƙasa mai sheƙi. Myrtle ja-ja ne, mai ratsin damisarsa ya fi tsada. Sassafras fari ne, wanda ke da baƙin ratsi a ciki ake kira blackheart, kuma wata funfuna ce ta rina shi tun yana tsaye. Da shi ake yin maƙalan shanya a da saboda ba ya ɓata tufafi, don haka cokali da muciyarsa ba su da matsala.

Tambaya: Yayana ya kawo wani babban akushi daga can, watan hunturu na farko a Kano ya tsage. Jabu aka ba shi?

Amsa: Da wuya. Iska ce ta yi aikinta. Katako na shan danshi yana fitarwa har abada. Wanda aka busar a Tasmaniya yana zama da danshin wajen kashi 12 cikin ɗari. Hunturun Kano ko Damagaram na iya janyo shi ƙasa zuwa kashi 5. Allon blackwood ko myrtle mai faɗin santimita 30 zai iya tsukewa da kusan rabin santimita a faɗinsa, alhali a tsawonsa ko motsi ba ya yi. Duk inda aka hana shi wannan motsin, nan yake fashewa. Huon ya fi su haƙuri, amma shi ma ba dutse ba ne.

To a wurin saye ake maganin abin. Ka guji akushin da cibiyar itacen ke cikinsa, wato inda zobban suka haɗu wuri ɗaya, daga nan tsaga ke farawa. Ka shafa bangonsa da yatsu biyu: kauri ɗaya ake so daga baki har gindi, domin mai kaurin gindi da siririn baki ba ya bushewa tare. Ka guji tiren da aka manna wa katako a gicciye a bakinsa biyu, da abin da aka bar wa ɓawo don ado, ɓawon zai ɓare. Murfin akwati ya zama yana da ɗan sakwa-sakwa, in ba haka ba damina na zuwa zai kumbura ya ƙi buɗuwa. Ƙananan abubuwa biyar sun fi babba ɗaya tsira, sun kuma fi sauƙi a jakar jirgin sama mai kilo 23.

A cikin tirela a naɗe shi da tawul a sa ƙarƙashin gado, nesa da taga da hita. In an iso gida a bar shi cikin leda da ɗan buɗaɗɗen baki mako uku zuwa huɗu, a ɗakin da rana ba ta shiga, ya saba da iskar sannu a hankali. Abin shafawa: kakin zuma kashi ɗaya, man farafin na kemis (ba kananzir ba) kashi huɗu, a narka a cikin kwano bisa ruwan zafi, a bari ya huce. A shafa ciki da waje har da ƙasa, a goge bayan awa ɗaya, sau ɗaya a wata lokacin hunturu. Ban da man gyaɗa da manja, suna yin ɗanko su yi wari. Ba a jiƙa shi, a goge da ɗanyen tsumma a shanya a inuwa. Akushin yayanka kuwa, in tsagar ba ta ratsa ba, kafinta zai iya cika ta da gam da garin katako, ya koma na ajiye dabino.

Tambaya: In na tsinci gungumen Huon a bakin kogi, zan iya ɗauka? Kuma za a tsare ni a filin jirgi?

Amsa: A'a, Malam, bar shi inda ka gan shi. Ɗaukar itace a gandun gwamnati laifi ne ko da matacce ne, kuma tsintar Huon sai da lasisi. Ka sayi guntu a wurin masu tsagawa, a toshe maka bakinsa biyu da kaki, ka karɓi rasit mai sunan itacen. Abin da jami'an binciken kayan gona ke dubawa a filin jirgi, har da na Najeriya, shi ne ɓawo, ƙasa da ƙananan ramukan ƙwari masu zubar da gari. Ka kakkaɓe guntun a kan farar takarda kafin ka biya. In gari ya zubo, ka ɗauki wani.