Yadda za ki yi makin jarrabawar sauraren Faransanci

Malama, kin ce yaranki na SS2 suna gane abin da suka ji amma rubutun amsarsu cike yake da kurakurai, shin ki rage musu maki ko a'a. Ni dai a ganina kar ki rage, domin kunne ake gwadawa a nan ba iya rubutu ba.

Kafin ki taɓa takardar kowa ki zauna ki rubuta amsoshin da za ki karɓa, har da waɗanda suka yi kusa. Yaro ya rubuta ruge maimakon rouge, ai ya ji, ki ba shi makinsa. Amma in kuskuren ya canza ma'ana, kamar poison a wurin poisson, to babu maki, guba daban kifi daban. Lambobi ma ba sassauci, in an ce soixante-dix, wato 70, ya rubuta 60 ya faɗi kawai, kuma wallahi nan suka fi zubewa. Wanda ya jero amsa biyu wai ko ɗaya za ta dace shi ma sifili.

Inda malamai ke kuskure shi ne a fara da tsauri a ƙare da sassauci saboda gajiya, shi ya sa gara ki gama tambaya ta ɗaya a duk takardun sannan ki koma ta biyu. Kuma in ranar ƙarar janareta ta danne sifika, ki sake kunna musu kawai.

In shirin WAEC kike musu, ki nemi malamin da ya taɓa yi wa WAEC makin ya duba miki tsarinki, ko ki leƙa Alliance Française, cibiyar koyar da Faransanci ta nan Kano, ki tambaya.