Keken dutse mai giya ɗaya yana hawa tudu, in an haɗa shi daidai

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka: ka sayi keken hawan dutse na gwanjo mai giya 21, abin canja giya na baya ya lanƙwashe sau biyu a hanyar daji, mai gyara ya ce a cire shi gaba ɗaya a bar maka giya ɗaya ka huta, kai kuma kana tsoron tudu, kana tsoron gwiwarka. Waɗanda suka riga ni amsawa sun ce kada ka soma, wai ɓata keke ne. Ni dai ba na tare da su. Na daɗe ina hawan mai giya ɗaya a nan Jos, kuma duk wanda ya san hanyoyin ƙafa na bayan Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere ya san ba fili ba ne. Keken yana hawa. Sai dai keke mai giya ɗaya daban, keken da aka yanke wa cen aka sallami mai shi daban, kuma ina jin na biyun ne mai gyaran naka yake nufi.

Kafin ka kashe ko sisi, gwada abin a kyauta. A miƙe maka abin canja giyar ya ɗan riƙe, ka sa cen a farantin tsakiya na gaba, a baya ka zaɓi sifaket mai haƙori 18 ko na kusa da shi, sannan ka haramta wa yatsanka taɓa giya na sati biyu ko uku a hanyoyin da ka saba bi. A nan za ka gane ko zuciyarka za ta ɗauka, ka kuma gane ko giyar ta yi maka nauyi ko sauƙi. Mutane da yawa daga nan suke komawa wa giyarsu, kuma ba abin kunya ba ne.

Zaɓen giyar shi ne rabin aikin, lissafin kuma ba wuya. Ƙirga haƙoran farantin gaba, ƙirga na baya, ka raba. Abin da masu wannan harka suka daɗe suna farawa da shi a taya inci 26 shi ne 32 a gaba, 16 a baya, wato feda ta zagaya sau ɗaya, tayar baya ta juya sau biyu. Tayar inci 26 mai gudaji-gudaji tana cin ƙasa kusan mita 2.1 a juyi ɗaya, ka ga 32 da 16 yana kai ka mita 4 da ɗan ɗori a kowane zagayen feda. In ka sa 18 a baya ya sauko kusan mita 3.7, in 20 ne kusan 3.4. In tayarka inci 29 ce, ta fi girma, sai ka ƙara haƙori biyu a baya kafin ka dawo daidai. Raleigh da Phoenix na iyayenmu kuwa, masu haƙori 44 zuwa 48 a gaba da taya inci 28, mita 5 ko fiye suke ci. Shi ya sa kake ganin mai icce yana sauka ya tura tun a ƙaramin tudu. Giyar titi aka ba shi, kuma waɗanda suka ce maka kada ka soma, da wannan keken suke auna maganar.

Ni 32 da 18 nake hawa, amma ga mai farawa a ƙasa mai tudu 32 da 20 zan ce. Shi 32 da 16 na samari ne masu jini a jika, ko na mutumin Kano da Maradi inda tudun bai taka kara ya karya ba. Ka lura kuma, kekunan gwanjo masu giya 21 da yawa farantinsu na tsakiya 34 ne ko 38, ba 32 ba. In 38 ne, nemi 22 a baya, in ba a samu ba 20. Kada girman kai ya sa ka zaɓi mai nauyi: wadda ta yi sauƙi iyakarta a wuce ka a kwalta, wadda ta yi nauyi gwiwa take ci. Kuma za a wuce ka ɗin, ka sa wa ranka tun yanzu. Da 32 da 18, ko kana juya feda sau 90 a minti, kusan kilomita 20 a awa kake yi. Abokan tafiya masu giya za su bar ka a hanyar Bukuru kana ta wulwula ƙafa.

Sai maganar haɗi, a nan ne nake so ka buɗe ido. Abin da aka saba yi a gindin bishiya shi ne a kwance abin canja giya, a rage cen, a ɗora shi a kan ɗaya daga cikin sifaket bakwai ɗin nan, a ce an gama. Wannan dabarar komawa gida ce ranar da giya ta karye maka a daji, ba ta zama ba ce. Haƙoran sifaket na giya gajeru ne, an fere su a gefe da gangan don cen ya riƙa suɓucewa daga wannan zuwa wancan. In ya faɗa kan ƙarami sai ya saki, ƙafarka ta tafi a banza kana tsaye a kan feda. In ya hau babba kuma ba shi da sauran tsawo, sai ya ɗaure tamau. Na ga hakan a keken wani abokin tafiyarmu, a wani hawa mai tsakuwa kusa da tsofaffin ramukan kuza na Rayfield. Ƙara ɗaya muka ji, ƙas, taya ta tsaya cak. Da muka kifa keken, cen ko motsi ba ya yi da yatsa, aksul ya lanƙwashe, tayar ta karkace tana gugar bodi. A kafaɗa ya fito da shi bakin titi.

Don haka a sa maka sifaket na giya ɗaya, mai dogayen haƙora. Yawancin masu giya 21 firiwil ɗinsu, wato dunƙulen sifaket na baya, na murɗawa ne: a kwance shi dunƙule, a murɗa firiwil guda irin na BMX (ƙananan kekunan wasan tsalle) ko na keken gida a gurbinsa. Masu haƙori 16, 18 da 20 ba su da wuyar samu a wurin masu kayan keke. In irin na zamani ne, wanda sifaket suke zurawa a kan wani bututu mai tsaga-tsaga, sai a zare duka, a sa guda ɗaya, a cike gurbin sauran da zobba. Bututun roba na ruwa da aka yanka daidai ma yana yi. Firiwil ɗin keken gida haƙoransa masu kauri ne, siririn cen na giya ba ya zama a kansu, sai cen mai faɗi. In farantan gaba na kwancewa ne, a cire babba da ƙarami. In na rifit ne, a bar su, amma a duba kada cen mai faɗin ya riƙa gugar babban.

Cen kuma sai ya tafi sak daga gaba zuwa baya. Firiwil guda yakan zauna can ciki kusa da sifok, ya kauce wa layin farantin gaba, sai an sake jera washa a kan aksul, an kuma ja sifok gargaren ya dawo tsakiya. Wannan aikin wanda ya iya ɗaurin gargare ne, ba na yaron shago ba. Dattijon da yake yi mini aiki zare yake ɗaurawa a jikin farantin gaba ya ja shi zuwa baya, ya tsuguna ya rufe ido ɗaya, in zaren bai kwanta a kan haƙoran baya ba ya sake kwancewa, ko da kana tsaye kana duba agogo.

Duba kuma tsagar da aksul na baya yake shiga a jikin bodi. In a kwance take, doguwa, ka yi sa'a: a ja taya baya, a ɗaure. A sa aksul mai noti, don makullin hannu yakan bari taya ta zame gaba in ka taka da ƙarfi. In a tsaye take, kamar yawancin kekunan dutse, ba wurin ja, sai an sa abin da zai tokare cen. Kamfanin Surly na Amurka yana yin nasa mai suna Singleator, amma tsohon abin canja giyarka ma, in an miƙe shi aka kulle shi wuri ɗaya da guntun waya, zai riƙe. Sai dai a rage cen sosai don abin canja giyar ya ɗage sama, tunda rataye shi kusa da ƙasa ne ya jawo maka matsalar tun farko. Wani lokaci rabin haɗi na cen kaɗai yana kawo tsawon daidai ba tare da an tokare ba. Sakin cen ya zama kamar santimita 1 sama da ƙasa, kuma ka juya feda a hankali ka auna a inda ya fi ɗaurewa, don ba farantin da yake zagaye cif. In kekenka mai shok ne a baya, tsawon da cen yake buƙata yana canjawa duk lokacin da shok ya lotsa, kada ka yarda a haɗa shi ba matokari. Birki biyu kuwa a bar maka su, kuma firiwil ya riƙa saki. Keken da feda ba ta tsayawa wani abu ne daban, ba na gangaren dutse ba.

Hawan kansa sai ka sake koyo. Mai giya yana zuwa gindin tudu ya rage gudu ya sauke giya. Kai daga nesa za ka hango tudun ka tara gudu, ka shiga shi da ƙarfinka, kuma da ƙafa ta fara nauyi ka miƙe tsaye, kada ka jira sai keken ya kusa tsayawa. Nauyin jikinka ne zai taka, hannu yana jan kan keke, ƙafa biyu suna karɓa-karɓa kamar masu lugude. A kan tsakuwa ka ɗan ja ƙugu baya, in ba haka ba tayar baya ta yi ta juyawa a banza. Kan keke mai faɗi, santimita 72 ko sama, yana taimako ƙwarai. Birki zai zama abin da kake rowarsa, don duk gudun da ka zubar a kwana da cinyarka za ka sake sayensa. Satin farko ba ƙafa ce za ta fi ciwo ba, damtse ne da gadon baya. Tudun da ya fi ƙarfinka kuma ka sauka ka tura. Yaran ƙauye za su yi maka dariya, amma sau da yawa mai turawa da mai ƙaramar giya tare suke isa sama.

Gwiwa: abin da ke cin ta shi ne zama a sirdi kana danna giya mai nauyi a hankali, musamman in sirdin ya yi ƙasa. Ɗaga shi yadda in ka ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa ƙafarka za ta miƙe. Ciwon tsoka yana wucewa. Suka a cikin gaɓa ko kumburi kuwa alama ce ka ƙara haƙori a baya ka huta, kuma in da ma kana da tsohon ciwo ka ga likita kafin ka fara.

Masu cewa ɓata keke ne su sani da irin wannan aka soma hawan dutse da keke. A shekarun 1970, a gundumar Marin ta Kalifoniya, su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly tsofaffin kekunan Schwinn masu nauyi suke ɗauka su gangaro hanyoyin dutsen Tamalpais, da yawansu giya ɗaya da birkin feda, kafin a fara ɗora musu giya. Har yau akwai gasar duniya ta masu giya ɗaya, a 2012 ma a Afirka ta Kudu aka yi ta. Wanda ya ci, zane ake yi masa a fatar jiki. Wannan kam ni na yafe.

Abin da ya riƙe ni a kai shi ne damina da hunturu. Jan laka na Filato yakan cushe giya ta ƙi shiga, ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta riƙa cinye haƙora. Mai giya ɗaya goge cen ne da tsumma, ɗigon mai, ka tafi. Ba waya mai tsinkewa, ba abin da kara ko dutse zai kama ya lanƙwasa. Amma in hanyarka rairayi ce mai zurfi, ko kana ɗaukar kaya, ko kana cin doguwar kwalta kullum kafin ka isa daji, gyara giyarka ya fi maka: a sa sabon abin canjawa, a kuma miƙe ɗan ƙarfen da abin canjawar yake rataye a jikinsa, don sau da yawa shi ne ya karkace ake ta canja abin da ba shi da laifi.

Ka ƙirga mini haƙoran farantinka na tsakiya, ka faɗi inci nawa tayar take, ka kuma ɗauko hoton tsagar aksul ta baya ta gefen cen. Da su zan gaya maka firiwil mai haƙori nawa za ka saya, da ko kana buƙatar matokari.